Na'urar tankina ta daina kai sigina tunda na rufe ta a kesin, ina matsalar take?

Mai Tanki:
Salamu alaikum jama'a, da fatan an wuni lafiya. Don Allah shawara nake nema. Akwai ɗan aikin da na haɗa a gida, na'urar da ke auna ruwan da ya rage a tankinmu na sama ta turo min cikin falo, saboda kullum sai dai mu ji ruwa na zuba daga sama ko kuma a buɗe famfo a ji wayam. Ƙaramin modul mai rediyo a ciki, ESP32-WROOM-32, guda biyu na sa, ɗaya a tanki ɗaya a falo, suna magana da juna ta ESP-NOW, wato kai tsaye ba tare da rauta ba. Lokacin da nake gwaji da bod ɗin da ake saya a haɗe nisa bai taɓa ba ni matsala ba, na bar ɗaya a ɗaki na fita da ɗayan har na wuce bakin get yana karɓa. To sai na zana bod nawa a manhajar zanen bod ta KiCad na aika aka bugo min, na yi solda na sa shi a kesin roba mai hana ruwa shiga na hau na ɗaure. Wallahi tun ranar cikin saƙo goma da ƙyar biyu ke isowa, kuma tsakanin tankin da falon bai fi taku ashirin da biyar ba. Kod ɗin ko layi ɗaya ban taɓa ba. Abin ya dame ni sosai don na kashe kuɗi da lokaci a kai.

Mai Gyaran Waya:
Wa alaikumus salam. Oga fara duba wuta tukuna, me kake ba shi? ESP32 in zai tura saƙo yana fizgar wuta da ƙarfi lokaci guda, in regiletarka ƙarama ce sai ya riƙa faɗuwa yana tashi kai kuma kana zargin sigina

Mai Tanki:
Batir 18650 ne da regileta mai iya ba da 600mA, kuma na sa kafasita babba kusa da modul ɗin. Na jona shi da kwamfuta na zuba masa ido kusan awa guda bai yi ristat ko sau ɗaya ba.

Injiniya:
To in wuta lafiya take mu koma kan eriya. Malam Mai Tanki tambaya uku zan maka kuma ka ɗauko bod ɗin a hannu kafin ka ba ni amsa. Modul ɗin a ina ka ɗora shi, gefen bod ko tsakiya? Wannan baƙin wurin da ke kan modul ɗin mai zane kamar tafiyar maciji, me ke ƙarƙashinsa a bod ɗinka, akwai tagulla ko babu? Sannan batirin a ina yake kwance cikin kesin?

Mai Tanki:
Yallabai a tsakiya yake saboda ya fi min sauƙin jan layuka. Ƙarƙashinsa kuwa giraun ne, wato shimfiɗar tagullar da ke haɗe da negatif, na cika ko'ina da shi sama da ƙasa, don na karanta cewa yawan giraun yana rage hayaniya. Batirin yana kwance a gefen modul ɗin daidai wajen zanen, nan ne kaɗai ya samu wuri.

Injiniya:
Ai shi ke nan, ka faɗi ciwon da bakinka. Wannan zanen shi ne eriyar, kuma ka shimfiɗa mata faranti na tagulla a ƙasa tazarar da ba ta kai milimita biyu ba, sannan ka kwantar mata da gwangwanin ƙarfe a gefe, don batir 18650 jikinsa ƙarfe ne. Abin da ka karanta kan giraun gaskiya ne amma ban da wurin eriya. Tagullar da ke manne da ita tana gusar da ita daga mitar da aka zana ta a kai kuma tana danne abin da ya kamata ya fita iska. Espressif da kansu sun rubuta a takardar jagorar zanen bod cewa a fitar da ɓangaren eriyar ya leƙa waje da bakin bod ɗin, in hakan ba zai yiwu ba a bar mata fili kusan milimita 15 ba tagulla ba layi ba wani kaya. Ka duba wancan bod ɗin da ka yi gwaji da shi tun farko, za ka ga eriyar a can ƙarshe take ba komai a ƙarƙashinta, shi ya sa ya kai ka har get.

Baban Rediyo:
Assalamu alaikum yarana. Ni dai abin da na sani a aikin rediyo shekara da shekaru, in tasha ba ta kamuwa waya ake ƙarawa. Ka samu siririyar waya mai tsawo ka liƙa a jikin eriyar ka fito da ita waje ka ɗaure a sama, mu haka muke kama tashoshin gajeren zango ko a ƙauye.

Injiniya:
Baba Allah ya ƙara girma, maganarka daidai take a gajeren zango kuma ga dalilin. Tashar da ke kan mita 49, tsawon zangonta mita 49 ne da gaske, rubu'insa ya haura mita 12, kenan duk wayar da za ka ɗaura a gida ba ta kai tsawon da ake so ba, shi ya sa duk abin da ka ƙara riba ne. FM kuma wajen 100MHz zangon mita 3 ne, rubu'i santimita 75, kusan tsawon eriyar nan da ake zaro wa a jikin rediyo kenan. To wannan na'urar a 2.4GHz take aiki, zangon gaba ɗaya santimita 12.5 ne, rubu'insa milimita 31 kacal, bai kai tsawon ashana ba. In ya liƙa mata waya mai tsawon hannu ya wuce wurin nesa ba kusa ba, ƙarfin da ya kamata ya fita sai ya riƙa dawowa cikin cif ɗin.

Baban Rediyo:
Ikon Allah, milimita 31. To na ƙaru ɗana. Amma ita wannan da ke jikin modul ɗin ai ko tsawon farce ba ta kai ba, ya aka yi?

Injiniya:
Naɗe ta aka yi Baba, shi ne wannan lanƙwashe-lanƙwashen, in ka bi layin da zare za ka ga yana da tsawo. Kuma kayan da aka yi bod ɗin da take kwance a kai da shi, wato FR4, yana rage saurin igiyar, sai tsawon da ake buƙata ya ɗan ragu. Sannan abin da mutane ke mantawa, wannan zanen rabin eriya ne kawai, ɗaya rabin shi ne giraun ɗin da ke gefenta. Ana so giraun ya kasance a gefe, mai faɗi, amma ba a ƙarƙashi ba.

Mai Gyaran Waya:
Wannan magana haka take wallahi, mu ma muna gani a shago. Waya ta zo an canja mata bayan kesin da irin mai arha ko kuma an manta ba a mayar da ɗan siririn kebul ɗin nan da ke tashi daga fanel ɗin ƙasa zuwa sama ba, sai mai ita ya dawo yana cewa sabis ya gudu. Wani lokacin ma ɗan ƙaramin sifirin da ke taɓa jikin firem ne ya lanƙwashe, ka ɗaga shi da tuwiza sabis ya dawo cif. Eriya ba ta son wasa ko kaɗan

Mai Sola:
Ni fa ina ganin ana wahalar da bawan Allah ne. Ka cire wannan modul ɗin ka sa ESP32-WROOM-32U mai ƙaramin soket ɗin jona eriya da ake kira U.FL, ka huda kesin ka fito da eriyar waje irin ta rauta, ka samu babba mai 9dBi, magana ta ƙare. Meye na tsayawa ana lissafin milimita

Injiniya:
Eriyar waje shawara ce mai kyau, musamman da a ce kesin ƙarfe ne to dole ma ita ce. Amma 9dBi ɗin nan ban yarda da ita a wannan aikin ba. Eriya ba ta ƙirƙirar ƙarfi, matse shi take yi gefe guda. Doguwar nan tana baza sigina a kwance ne kamar faifai, sama da ƙasanta kusan babu komai. Shi kuma na'urarsa tana can sama kan tanki mai karɓa yana ƙasa cikin falo kusa-kusa, sai siginar ta bi ta saman rufi ta wuce unguwa ta bar shi. Ƙaramar nan mai 2dBi ta fi masa.

Mai Sola:
To ai ni na sa irinta a wani aiki kuma ta yi

Injiniya:
Za ta yi in dukansu biyun suna tsayi ɗaya kuma da nisa tsakaninsu, ban musa maka ba. Wuri ne ya bambanta.

Mai Gyaran Waya:
Kuma duk mai sayen eriyar waje ya buɗe ido ya leƙa cikin soket ɗin kafin ya biya kuɗi. Soket ɗin eriyar waje akwai SMA akwai RP-SMA, a ido iri ɗaya ne kuma suna ɗauruwa da juna lafiya lau, amma sai ka tarar kowanne rami ne a tsakiya babu mai tsinke, ka ɗaure tamau alhali ba abin da ya taɓa wani. Na taɓa kwana biyu ina neman matsala a wani aiki ashe wannan ne. Shi kuma U.FL ɗin ba a yi shi don cirewa da mayarwa kullum ba, wajen sau talatin aka ƙiyasta masa, in za ka cire ka ɗaga shi a miƙe kar ka ja kebul ɗin

Mai Tanki:
Na gode ƙwarai jama'a. Wani abu kuma da ban faɗa ba, kesin ɗin a jikin ƙarfen da ke ɗauke da tankin na ɗaure shi da waya, ta bayan tankin, saboda nan ne rana ba ta dukansa sosai. Falon yana ta ɗaya gefen.

Injiniya:
Kai Malam, wato bayan tagulla da batir akwai ƙarfen a bayan eriyar sannan ga ruwa lita dubu ko fiye a gabanta, ga kuma kwanon rufi kafin ta shiga falo. Ai biyun da ke isowa ma sun yi ƙoƙari.

Mai Sola:
Eh ruwa kam, ai shi ya sa aka zaɓi 2.4 a makirowef, nan ne daidai mitar da ruwa ke amsawa

Ɗaliba:
Yaya Mai Sola wannan maganar ana yawan faɗinta amma ba haka take ba, malaminmu ya gyara mana ita a aji. Ruwa ba shi da wata mita ta musamman a 2.45GHz, yana shanye igiyar rediyo a faɗin mitoci da yawa, sama da nan ma ya fi sha. An tsaya a nan ne don yanki ne da aka ware wa kayan masana'antu da kimiyya da asibiti, shi ya sa Wi-Fi da Bluetooth ma suka taru a wurin. Amma batun cewa tankin zai tare masa sigina gaskiya ne.

Tunda an buɗe maganar, Injiniya don Allah nima ga tawa, aikin kammala karatuna ne. Ni ba modul na sa ba, cif ɗin nRF52832 na ɗora kai tsaye na zana eriyar a bod, na kwafo ta daga takardar Texas Instruments mai lamba AN043, ƙaramar nan mai milimita 15.2 da 5.7. Na bi awon sak, na bar ƙarƙashinta ba tagulla, amma Bluetooth ɗin da na shiga ɗaki na biyu yake yankewa. Kuma abin da ya fi ba ni mamaki in na buɗe murfin kesin ya fi nisa.

Injiniya:
Ƙanwata naki ya fi nasa daɗin magana don ke kina da ikon gyara taki eriyar, shi tasa a rufe take cikin modul. Abin da ya faru shi ne kin kwafi zanen amma ba ki kwafi duniyar da aka auna shi a ciki ba. Waccan eriyar an gwada ta ne a kan wani bod mai nasa kauri da nasa girman giraun. Naki kaurinsa daban, faɗin giraun daban, FR4 ɗin ma kowane kamfani da nasa, wani 4.2 wani 4.6. Kowanne cikin waɗannan yana ɗan gusar da mitar. Sai kuma roba, duk robar da ta matso kusa da eriya tana jan mitarta ƙasa, shi ya sa murfi na hawa nisa ke raguwa. Ke kuma abin da kike da shi daga 2400 zuwa 2483 ne, MHz 83 kacal, gusawa kaɗan ya isa ya fitar da ke.

Kin bar wurin macin, wato inda ake sa ƙananan kayan daidaita cif da eriya, a tsakaninsu? Ina nufin gurbi uku, ɗaya a kan layi biyu zuwa giraun.

Ɗaliba:
Na bar su, girman 0402, yanzu rizista mai sifili ce a kan layin sauran biyun ba komai. Akwai na'urar auna eriya NanoVNA a lab ɗinmu amma ban taɓa amfani da shi a kan bod ba.

Injiniya:
Madalla, kin yi dabara da kika bar su. Fara duba wane iri ne, don na farkon nan iyakarsa 900MHz wasu 1.5GHz, ba zai ga 2.4 ba sam. Sai V2 mai kai 3GHz ko LiteVNA. In kin tabbatar to ga yadda nake yi, zan ɗan tsawaita ku yi haƙuri.

Ki cire abin da ke haɗa cif da layin eriya yadda cif ɗin zai fita daga lissafi. Ki samu siririn kebul na kowaks guntu, ki fere bakinsa kaɗan ƙwarai, tsinken tsakiyar kar ya wuce milimita ɗaya ko biyu a waje, don a wannan mitar milimita ɗaya na waya kusan 1nH ne, shi kuma 1nH wajen om 15 ne, kin ga ba ƙaramin abu ba ne a layin da ake so ya zama om 50. Rigar kebul ɗin ki liƙe ta da dalma a giraun nan kusa da wurin, ki kwantar da kebul ɗin a kan giraun ya fita ta gefen da ya fi nisa da eriyar. Kalibireshan kuma a bakin kebul ɗin ake so ya ƙare ba a jikin na'urar ba, in kin yi a soket to ki ƙara gyaran tsawon kebul ɗin a cikin menu har ɗigon ya zauna inda ya kamata lokacin da bakin yake a buɗe. In kika tsallake wannan lambobin da za ki gani a Smith, wato taswirar da'irar nan da ɗigon yake kai a fuskar na'urar, ba na eriyarki ba ne.

Sannan babban abin, ki auna a cikin kesin, da batir a wurinsa, da murfi a rufe, da sukurori a ɗaure. Ki huda ƙaramin rami kebul ya fita. In abin sawa a hannu ne ki ɗaura a hannu ki auna. Kar ki ɗora a kan teburin ƙarfe, ki samu kwali ko soso ki ɗora a kai. In kin taɓa kebul kin ga layin yana rawa sosai to kebul ɗin ya zama ɓangaren eriyar, ki zura masa zoben ferayit.

Abin da za ki nema shi ne inda layin S11, mai nuna yawan ƙarfin da ke dawowa daga eriya, ya nutse. Ana so ramin ya zauna wajen 2440 kuma ya kasance ƙasa da -10dB tun daga 2400 har 2483, wato kashi 90 cikin 100 na ƙarfin na shiga eriyar. In ramin yana ƙasa, misali 2300, eriyar ta yi tsawo kenan, ki sa reza ki rage bakin jelar eriyar. Kaɗan-kaɗan fa, rabin milimita ko ƙasa da haka, ki rufe ki sake aunawa, don kashi 1 cikin 100 na tsawo wajen MHz 24 ne, milimita guda na iya tsallakar da ke kusan faɗin zangon duka. Sai ramin ya zo wurinsa tukuna ki taɓa kafasita da koyil in zurfinsa bai isa ba.

Mai Gyaran Waya:
In ta yanke ya wuce fa oga?

Injiniya:
Sai ta liƙa ɗan guntun tef ɗin tagulla ko ta ja dalma a bakin ta sake. Shi ya sa ni in ina zana bod na farko nakan ƙara wa jelar milimita biyu da gangan, ragewa ya fi ƙarawa sauƙi. Kafasitocin kuma ƙanana ne sosai, daga rabin pF zuwa uku haka, irin C0G, koyil daga 1 zuwa 5nH. Kar a ciro daga tsohon fanel a ce za a gwada, ba rubutu a jikinsu kuma mita ta hannu ba ta iya auna su.

Ɗaliba:
Na fahimta Allah ya saka da alheri. To in na samu -10 in ci gaba har -25 ko -30? Na ga wasu suna nuna nasu ramin mai zurfi sosai.

Injiniya:
Kar ki ɓata lokacinki. Daga -10 zuwa -20 abin da za ki samu bai kai rabin dB ba, ba za ki gan shi a nisa ba. Gara rami mai faɗi da ya rufe zangon duka ko an riƙe na'urar a hannu, da siriri mai zurfi da zai gudu da an taɓa kesin. Bluetooth ma tashoshin da yake sanar da kansa a 2402 da 2426 da 2480 suke, biyu a can baki-baki, kin ga faɗin ne ya dame ki. Kuma ki riƙe wannan, in kika cire eriyar kika liƙa rizista mai om 50 na'urar za ta nuna miki S11 mafi kyau a duniya alhali ba abin da ke fita iska. S11 yana gaya miki ƙarfi ya shiga ne, bai gaya miki ya fita ba. Don haka bayan awo sai kin fita fili, ki ajiye wayar hannu a nisa guda ki karanta RSSI, wato ƙarfin siginar da ke isowa, ki juya bod ɗin gaba da baya da gefe kina rubutawa. A fili duk 6dB da kika samu ninkin nisa ne.

Mai Sola:
Ni tambayata me ya sa ba za ta sa ƙaramar eriyar siramik ɗin nan ba kawai ta huta, ai kamfani ya riga ya gama saita ta

Injiniya:
Ba ta zuwa a gama Malam. Irin su Johanson 2450AT18A100, milimita 3.2 da 1.6, wuri take ragewa kawai amma ita ma da giraun ɗin bod take aiki, tana da filin da dole a bar mata da lambobin macin da aka ba da don bod ɗin gwajinsu, naka in ya bambanta sai ka sake aunawa. Ka ga ƙananan bod ɗin ESP32-C3 nan masu jar siramik a baki, mutane da yawa na kukan nisansu saboda an matse ta da kaya, har wasu ke liƙa mata waya mai milimita 31. In akwai wuri a bod ni ta zane na fi so, kyauta ce kuma yawanci ta fi faɗin zango. Siramik sai in wuri ya ƙure.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku da aiki 'yan'uwa, ina biye da ku tun ɗazu. Ni a garkarmu na bar 2.4 gaba ɗaya, rediyon LoRa mai kai nisa nake sawa a 433MHz da modul Ra-02 don kunna injin ban ruwa daga gida, itatuwa da katangar ƙasa ba su cika tare shi ba. Mai Tanki in abin ya ƙi ka gwada wannan. Sai dai eriyar santimita 17.3 ce, ni wayar tagulla miƙaƙƙiya na yanka, ta fi min ɗan sifirin da ke zuwa da shi. Kuma kar a kunna shi yana turawa ba eriya a jiki.

Injiniya:
Haka ne ɗan'uwa, a 433 eriyar zane a ƙaramin bod ba ta da ƙarfi don bod ɗin ya yi wa zangon ƙanƙanta, waya ta fi. Amma taku ashirin da biyar bai kai a canja rediyo ba, ya gyara zaman wadda yake da ita tukuna.

Baban Rediyo:
Ɗana Mai Tanki kafin ka sake kashe kuɗi ka yi abin da muke yi a benci, abu ɗaya ake canjawa a gwada, in ka canja uku lokaci guda ba za ka san wanne ne ya yi maganin ba.

Mai Tanki:
To Baba haka zan yi in sha Allah. Gobe Asabar ina gida.

Mai Tanki:
Salam jama'a na dawo da bayani. Na bi shawarar Baba ɗaya bayan ɗaya, na sa mai karɓar yana nuna min RSSI, wanda in lambarsa ta matso kusa da sifili sigina ta ƙaru kenan. Yadda yake tun farko wajen -92 yake nunawa in ma saƙon ya iso. Na fara kwance kesin daga bayan tankin na dawo da shi gefen da ke kallon falo, na sa guntun katako tsakaninsa da ƙarfen kamar faɗin tafin hannu, ya dawo -84 kuma yawancin saƙon na shigowa. Na mayar da batirin can ɗaya ƙarshen kesin na liƙe shi da gam, ya ƙara ɗan gyaruwa. Na ƙarshen shi ne ya fi ba ni tsoro, na ɗaga modul ɗin da iska mai zafi, na sa ƙaramin zarto na yanke bod ɗin daidai inda eriyar ke zama har ya zama taga, layuka biyu suka tafi a ciki na mayar da su da siririyar waya ta can gefe nesa da wurin, na mayar da modul. Yanzu -71 yake kai wa da komowa kuma tun azahar ban ga saƙo ɗaya ya ɓace ba. Na kuma matsar da na falon kusa da taga daga bayan talabijin inda yake da.

Injiniya:
Alhamdulillah. A bod na gaba ka kai modul ɗin baki eriyar ta leƙa waje, ka zana wurin hana tagulla a duka leyoyin, ka jera ƙananan ramukan ɗinki a bakin giraun ɗin. Rana kuma da ka gudu tun farko, ka yi masa 'yar rumfa da roba ko katako, ban da langa-langa.

Mai Tanki:
Katako zan sa in sha Allah. Abin da ya rage min in ga yadda zai yi in damina ta sauka kesin ya jiƙe.

Ɗaliba:
Nima na duba na lab ɗinmu, ashe tsohon ne mai tsayawa a 1.5GHz. An ce akwai V2 a wani sashen, ranar Litinin zan je in nemi aro. Injiniya in na auna zan turo hoton layin a buɗe da kuma a rufe kafin in sa reza.

Injiniya:
Ki turo har da hoton yadda kika liƙa kebul ɗin, shi zan fara dubawa.